Daga Narita zuwa gonakin Yamagata

Jirginmu bai gama tsayawa a Narita, filin jirgin sama na kusa da Tokyo a Japan, ba na hango gona a cikin filin jirgin, an zagaye ta da katanga, shuka shar abinta. Ashe ragowar manoman yankin ne, Sanrizuka, waɗanda gwamnati ta ce su tashi a 1966 don a gina filin ba tare da an yi shawara da su ba, suka ce ba inda za su, aka yi ta artabu da 'yan sanda, shi ya sa sai 1978 aka iya buɗe filin.

Dama su ne suka kawo ni. Wani mai shirya fim, Ogawa Shinsuke, ya tare a cikinsu da mutanensa yana ɗaukar rikicin, daga baya ya koma ƙauyen Magino a yankin Yamagata da ke arewacin Japan suka riƙa noman shinkafa da hannunsu suna ɗauka. Bikin finafinan gaskiya na Yamagata da aka fara a 1989 da hannunsa a ciki, shi na zo kallo. Kuɗin jirgin ƙasa daga Tokyo zuwa Yamagata sama da yen dubu goma, gaskiya ya yi tsada, amma ko minti ɗaya bai makara ba.

A bikin na kalli ɗaya daga cikin tsofaffin finafinan, mata manoma sun ɗaure kansu da sarƙa a jikin bishiya don kar a ƙwace gona, wallahi sai da na yi hawaye.

Amma ƙauyen da na je daga baya ya fi fim ɗin taɓa ni. Kwalta lafiya lau, wuta ba ta ɗaukewa, shinkafa ta nuna, ga gidaje a kulle ciyawa ta cinye ƙofa, ba yaro ko ɗaya a hanya. Ƙidayar 2023 ta nuna gidaje kusan miliyan 9 ne ba kowa a ciki a Japan. Mu 'yan ciraninmu ko Legas suka je da damina suna dawowa gona, su nasu in sun shiga Tokyo shi ke nan. Wata tsohuwa da ke girbi ita da mijinta ta ja ni gida ta dafa min miyar gwaza, imoni suke ce mata, da na ce ba na cin naman sai ta sake sabuwar tukunya ba nama, kuma ta ƙi karɓar ko sisi. 'Ya'yanta duk suna birni, ta ce ba mai gadon gonar.

Tokyo kam cunkoso ne da tsadar ɗaki, ban daɗe ba na kamo hanyar gida.