Jitar Ƙarfe a Kiɗan Bulugiras: Aikin Yana Wajen Kashe Sauti

Duk wanda ya saba da jitar da ake kwantarwa a cinya, ana zamar da guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta maimakon a danna su da yatsu, ya san cewa abin da ya fi jan hankali a cikinta shi ne yadda sauti ɗaya yake daɗewa yana tafiya, yana hawa yana sauka ba tare da ya yanke ba. Kiɗan bulugiras na Amurka kuwa akasin haka yake nema, domin kiɗa ne na gajerun sautuka masu kaifi da ke bin juna a guje, kowanne ya faɗi a gurbinsa ya ba na bayansa wuri. A ganina, duk wahalar kaɗa bulugiras da jitar ƙarfe tana cikin wannan saɓani, kuma yawancin masu koyo suna neman maganinta a inda ba ta, wato wajen ƙara saurin yatsu, alhali abin da ya kamata su fara ƙwarewa a kai shi ne yadda za su kashe sauti a daidai lokacin da ya gama aikinsa.

Wannan jita ba a tsaunukan kudu maso gabashin Amurka, inda bulugiras ya samo asali, aka haife ta ba. Daga tsibiran Hawai ta fito, inda ake danganta ƙirƙiro salon ga Joseph Kekuku a ƙarshen shekarun 1880, kuma ta bazu a Amurka bayan babban baje kolin da aka yi a San Faransisko a 1915. A ƙarshen shekarun 1920 John Dopyera da 'yan uwansa suka ƙera jita mai faifan alminiyam a cikin cikinta, mai siffar mazurari, wanda yake ƙara wa tsirkiya ƙarfin amo ba tare da lantarki ba, suka sa mata suna Dobro. Mawaƙan karkara sun karɓe ta da wuri. Pete Kirby, wanda aka fi sani da Bashful Brother Oswald, ya kaɗa ta a ƙungiyar Roy Acuff tun daga 1939, amma a salon Hawai, mai jan sauti a hankali da rawar murya. Wannan salon yana da daɗinsa, sai dai ba zai iya bin gudun da Bill Monroe da ƙungiyarsa ta Blue Grass Boys suka kafa ba, musamman bayan Earl Scruggs ya shigo da banjonsa a ƙarshen 1945. Ƙungiyar Monroe ta tsaya ne a kan mandolin, banjo, goge, jita da babban bas na tsaye, kuma shi kansa Monroe bai taɓa ɗaukar Dobro a matsayin kayan kiɗansa ba.

Wanda ya buɗe mata ƙofa shi ne Josh Graves, da ya shiga ƙungiyar Lester Flatt da Earl Scruggs a 1955. Abin da Graves ya yi yana da sauƙin faɗa: ya ɗauko salon yatsu uku na Scruggs, wanda babban yatsa da manuni da na tsakiya suke karɓa-karɓa a kan tsirkiyoyi cikin jeri mai maimaituwa, ya ɗora shi a kan Dobro. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne ɗaurin tsirkiyoyin. A bulugiras ana ɗaure tsirkiyoyi shida na Dobro a kan sautukan da ake kira G, B, D, G, B, D daga mai kauri zuwa siririya, kuma huɗun sama sun yi daidai da dogayen tsirkiyoyi huɗu na banjo. Saboda haka jerin da ya zauna a hannun mai banjo zai iya zama a hannun mai Dobro kusan yadda yake. Graves ya ƙara da wani abu nasa, wato lanƙwasa sauti irin na kiɗan bulus da ya tashi yana ji, kuma ya zauna da su Flatt har ƙungiyar ta rabu a 1969.

Sai dai ba daidai ba ne a ce Dobro ta zama banjo ta biyu. Tsirkiyar banjo tana mutuwa da kanta nan take, don haka mai banjo zai iya zuba sautuka goma sha shida a jere ba tare da sun cakuɗe ba. Tsirkiyar Dobro tana daɗewa fiye da haka, kuma idan makaɗi ya bar kowace tsirkiya tana ci gaba da amo yayin da ya wuce zuwa wata, abin da mai sauraro zai ji shi ne hayaniya mai ƙarfe-ƙarfe wadda ba a gane kan waƙar a cikinta. A nan ne hannu biyu suke da aikin da ba a gani. Yatsun hagu biyu na ƙarshe suna kwance a kan tsirkiyoyi a bayan ƙarfen, suna danne amon da ke tashi ta wancan ɓangaren. Hannun dama kuma, bayan ya fizgi tsirkiya da farcen roba ko na ƙarfe da ke yatsunsa, yakan mayar da farcen ko gefen tafin hannu ya taɓa ta don ya tsayar da ita kafin sauti na gaba ya fito. Idan na saurari sabon makaɗi, ba na fara duba yawan sautukan da yake iya jerawa; ina sauraron ratar da ke tsakaninsu, ko tana da tsabta ko babu.

Shi kansa ƙarfen ya bambanta da na sauran salo. Masu Dobro sun fi riƙe wanda aka yi wa kwari a gefe biyu da sama, irin samfurin Stevens, domin yatsu su kama shi da kyau a iya ɗaga shi a sauke cikin gaggawa. Dalili kuwa shi ne, gudun bulugiras a kan Dobro ya dogara da tsirkiyoyin da aka bari a sake. Makaɗi yakan fizgi tsirkiya a sake, ya buga mata bakin ƙarfen a layi na biyu ko na huɗu cikin layukan da ke jere a wuyan jitar, sannan ya fizge ƙarfen baya ta yadda tsirkiyar za ta sake yin amo da kanta, sai ya sami sautuka uku daga fizga ɗaya. Wannan dabara tana aiki sosai a maƙamin G, wato idan an gina waƙar a kan sautin G, amma da yawa daga cikin kiɗe-kiɗen goge da bulugiras ya gada ana yin su ne a A ko D, mawaƙa masu siririyar murya kuma suna son B. Shi ya sa ake da wani maɗauri na musamman da ake saƙalawa a tsirkiyoyin, a layi na biyu don A, a na huɗu don B, domin a dawo da tsirkiyoyin sake inda ake bukatarsu. Akwai masu ganin amfani da shi kasala ce. Ban yarda da su ba, domin abin da ake nema shi ne amon tsirkiyar sake, wanda ba a samunsa ta wata hanya, ko da yake gaskiya ne maɗaurin yana ɗan rage kaurin sauti.

Akwai kuma matsalar daidaiton sauti, wadda ba ta da gajeriyar hanya. Tsirkiyoyin suna sama da wuyan jitar, ba sa taɓa layukan ƙarfen da ke jikinsa, don haka layukan alama ce kawai ga ido. Dole ƙarfen ya tsaya a kan layin daidai, ba a bayansa ba kamar yadda yatsa yake yi a jita ta yau da kullum, kuma kaucewa kaɗan ta isa ta ɓata haɗin sauti da goge ko muryar mawaƙi. Miƙaƙƙen ƙarfe yana ba da manyan haɗe-haɗen sauti uku da yawancin waƙoƙin suke bukata cikin sauƙi: G a sake, C a layi na biyar, D a na bakwai. Haɗin da ke da sanyin baƙin ciki kuwa ba ya samuwa cikakke, sai dai a zaɓi tsirkiyoyi biyu kawai, ko a karkatar da ƙarfen ya hau layuka biyu daban-daban a lokaci guda. Mike Auldridge, wanda yake cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Seldom Scene a 1971, shi ne wanda nake komawa gare shi idan ina son jin yadda ake yin wannan da natsuwa. Jerry Douglas da Rob Ickes sun kai gudun Dobro inda ba a zata ba, amma duk wanda ya kasa kunne zai ji cewa tsabtar yanke sautinsu ce ta sa gudun ya fito fili.

Maganar ta fi tsauri idan aka zo ga jitar ƙarfe mai feda, wadda take tsaye a kan ƙafafu huɗu, mai aiki da lantarki, wadda ta mamaye kiɗan karkara na birnin Nashbil tun bayan da Bud Isaacs ya taka feda a tsakiyar sauti a wani faifan Webb Pierce da aka naɗa a 1953. Wuya ɗaya nata yana ɗauke da tsirkiyoyi goma, galibi a ɗaurin da ake kira E9, da fedoji uku a ƙasa da wasu sanduna da ake turawa da gwiwa, kowanne yana ja ko sassauta wasu tsirkiyoyi. Taka fedoji biyun farko tare yana mayar da haɗin E ya zama A ba tare da ƙarfen ya motsa ba. An gina wannan kayan kiɗa ne domin dogon sauti: ƙarfensa mulmulalle ne mai nauyi da ba a cika ɗagawa ba, kuma akwai fedar ƙarar sauti a ƙarƙashin ƙafar dama wadda makaɗi yake takawa a hankali don ya raya sautin da ya fara dusashewa. Duk waɗannan abubuwa, da suke sa ta zama sarauniya a waƙar soyayya mai tafiyar hawainiya, su ne suke zame mata kaya a bulugiras.

Duk da haka an yi, kuma an yi da kyau. 'Yan uwan nan biyu, Bobby da Sonny Osborne, sun sa jitar feda da ganguna a faya-fayansu na shekarun 1960, abin da ya ɓata wa masu ra'ayin riƙau rai ƙwarai, J. D. Crowe ma ya yi hakan a shekarun 1970. Doug Jernigan ya yi suna wajen kaɗa kiɗe-kiɗen goge da na banjo a kan jitar feda a cikakken gudunsu. Wani abin lura shi ne Bill Keith, wanda ya kaɗa wa Monroe banjo a 1963, ya kuma shahara da salon fitar da kowane sautin waƙa daga tsirkiya daban maimakon maimaita tsirkiya ɗaya, shi ma ya koma ya koyi jitar feda. Ban ɗauki hakan a matsayin katari ba. Tsirkiyoyi biyu na saman E9, waɗanda Buddy Emmons ya ƙara, ba sa bin jerin hawa na sauran, kuma amfaninsu shi ne a iya hawa matakan sauti ta hanyar tsallakawa daga tsirkiya zuwa tsirkiya ƙarfen yana wuri ɗaya. Tunani ɗaya ne da na salon Keith, kuma ita ce hanyar da ta fi dacewa ga mai son bin goge a kan jitar feda. Amma kowace tsirkiya da aka bari a baya dole a tsayar da ita nan take, domin lantarki ba ya barin ta ta mutu da kanta. Wanda bai ƙware a tsayar da tsirkiya da farce ba, gara ya rage gudu ya zauna a kan wannan darasi tukuna.

Shawarar da zan ba mai jitar feda da aka gayyata cikin masu bulugiras ita ce ya ɗauke ƙafarsa daga fedar ƙarar sauti, ya bar ta wuri ɗaya, ya rage amsa-amon da na'urarsa take ƙarawa har ya kusa ƙarewa, sannan ya bar sautin fizgar farcen ya fito da kaifinsa maimakon ya ɓoye shi. Ya kuma tuna cewa sauran makaɗan ba su da lantarki, a al'adance ma makirufo ɗaya suke kewayewa, wanda zangonsa na jagorantar kiɗan ya zo ya matso, wanda ya gama ya ja baya. Shi da yake zaune a bayan kayan da ba ya ɗaukuwa ba zai iya ja da baya da ƙafa ba, sai dai da hannu.

Wannan ya kawo mu ga abin da makaɗin jitar ƙarfe yake yi a mafi yawan lokacin waƙa, wato lokacin da ba zangonsa ba ne. Babu ganga a bulugiras na asali. Bas ne yake buga bugu na ɗaya da na uku, mandolin kuma yana sara gajeren haɗin sauti a tsakaninsu, kuma waɗannan biyun su ne agogon ƙungiya. Idan mai mandolin ya shiga nasa zangon, wurin saran ya zama fanko, kuma mai Dobro zai iya cike shi ta hanyar fizgar tsirkiyoyi uku ya kashe su a take. Idan mawaƙi yana rera baiti, wurin jitar ƙarfe shi ne ɗan numfashin da ke ƙarshen kowane layi, ba kan kalmomin ba, saboda muryarta tana zaune a daidai inda muryar mutum take, kuma idan suka haɗu ɗaya ce za ta danne ɗaya. Goge ma haka yake, shi ya sa a ƙungiyoyin da suka san aikinsu ake raba baitocin tun kafin a fara: goge ya raka mawaƙi a baiti na farko, Dobro ta karɓi na biyu, banjo ya ɗauki na uku, a amshi kuma, inda muryoyi uku suke haɗuwa, yawanci mai jitar ƙarfe yakan kwantar da tafin hannunsa a kan tsirkiyoyi ya koma sara tare da mandolin har zangonsa ya zagayo.