Kan da Ya Sha Fenti

Watana biyu da fara bin maigidana aikin duba na'urorin yayyafa ruwan kashe gobara, muka je wani babban sito a hanyar Spintex, nan Ankara, babban birnin Ghana. Na ɗaga kai na ga silin fari tas, an yi masa sabon fenti, har da kawunan na'urorin, wato bakunan da ruwan ke fesowa ta cikinsu. Na hau tsani da ƙaramar wuƙa zan kankare.

"Sauko, ɗana," in ji maigida. "Kan da ya sha fenti ba a kankare shi, sauya shi ake yi."

Na sauko ya nuna min. A cikin kowane kai akwai ɗan siririn gilashi mai ruwa mai launi, shi ke toshe bakin bututun. Ja yana fashewa in zafi ya kai digiri 68, rawaya 79, kore 93. Fenti yana hana zafin isa gare shi da wuri, yana kuma iya manne marfin. Wuƙata kuwa da ta tsaga gilashin, mu jiƙa kayan mutane. Ashe ma ba duka kawunan ke buɗewa tare ba, sai wanda zafi ya kai wa. Idan na saman wutar ya makara, wutar ta samu hanya.

Ƙurar hunturu ma takan lulluɓe su, ita dai ana iya hure ta da iska ba tare da an taɓa gilashin ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kaya. Ƙa'ida ta ce a bar aƙalla inci 18 a ƙarƙashin kan, amma sai ka tarar da kwalaye har silin, wani ma ya rataya waya a jiki. Ban cika ganin laifinsu ba, haya ta yi tsada, kowa na neman wurin ajiya. Sai dai duk wanda ya ga tokar Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta nan Ankara, bayan gobarar Janairun 2025 ya san yadda wuta ke yi da tarin kaya, kuma mu 'yan unguwar Nima mun san waɗanda jarinsu ya ƙone.

Yanzu kafin in ɗaga kai sama, ɗakin famfo nake fara shiga in ga ko babban bawul a buɗe yake, ko akwai ruwa a tanki. Sannan in buɗe ɗan akwatin ajiya in ƙirga: sababbin kawuna shida aƙalla, da sifanarsu. A siton nan na Spintex mun sauya kawunan da suka sha fenti duka, mai wurin yana ta ƙorafin kuɗi, maigida bai bar ko ɗaya ba.