Yadda na sauya ƙwan fitilar hazo a akori-kurata

Sau biyu a mako nake barin Kano bayan sallar asuba in nufi Haɗeja da Hilux ɗina, in yi lodin shinkafa in juyo. A Disamba da Janairu, idan iskar hunturu ta kwaso ƙura daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi, hanyar rufewa take yi ruf. Wata safiya kafin in kai Gujungu, saura ƙiris in afka wa amalanken shanu. Ban gan shi ba sai da na zo dab da shi. Ran nan na ce lallai sai na taɓa ƙananan fitilun nan biyu na ƙasan bamba, wato fitilun hazo.

Da farko ƙarfin haske na bi. Na sayo ƙwan fitila na LED fari fat, wanda aka rubuta 6000K a kwalinsa, wato lambar launin haskensa. A cikin gari kyau kamar me, amma da na shiga hazo sai hasken ya bugi ƙurar ya dawo mini ido, gabana ya zama kamar an rataya farin zane. Masu tahowa kuma sai ƙyafta mini fitila suke yi, alamar ina kashe musu ido. Wannan ya fi damuna, don mai babur da ba ya gani rayuwarsa ce a hannuna.

Na kai wa wani dattijo mai wayarin. Na ce ko in sa ƙwan fitila samfurin H11 mai wat 55? Ya ce, "A'a ɗana, gidan fitilarka na H16 ne, wat 19 aka yi masa. Ka ɗora masa wannan zafin, robar narkewa za ta yi." Shi ya sa na haƙura da H11, na sayo LED ruwan ɗorawa mai 3000K a madadin farin.

Ɗaurawar ba wuya. Na karya sitiyari gefe guda, na ɓalle maɓallan robar da ke saman taya, na zura hannu na murɗa ƙwan hagu ya fito. Sabon ya ƙi kamawa sai da na juya soket ɗin, saboda LED ba ya karɓar wuta a baibai. Dattijon ya nuna mini cewa idanun ƙwan su kalli dama da hagu, kada su kalli sama da ƙasa, in ba haka ba hasken watsewa zai yi.

Inda aikin yake shi ne saiti, kuma shi na tsallake a karon farko. Da magariba muka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, kimanin mita 7 da rabi daga katanga. Muka auna tsayin fitilar daga ƙasa, muka ja layi da alli, muka riƙa murza kusar saiti har bakin hasken ya sauka santimita 10 ƙasa da layin. Hasken ya kwanta a kan kwalta, ya bazu gefe da gefe.

Nisan da nake hangowa bai ƙaru sosai ba, don haka har yanzu rage gudu nake yi. Amma bakin titi da ramuka da ƙafafun dabbobi suna fitowa sarai, idona kuma ya daina raɗaɗi. Ina haɗa su da gajeriyar fitila, ba na taɓa doguwa a cikin hazo, kuma da zarar gari ya washe nake kashe su. Tsumma na nan a aljihun ƙofa, kullum sai na goge gilasansu kafin in tashi.