Na sayo teburin ɗaga babur na hannu

Duk wanda ya saba durƙuso a kan siminti yana ɗaure kacar babur ya san abin da ƙugu ke sha. Shi ya sa da na ji wani bakanike a wajen Ƙofar Ƙaura zai sayar da teburinsa na ɗaga babur, ban yi wata-wata ba na je.

Irin mai feda ne, kana takawa jak yana ɗaga teburin. Fenti duk ya goge, wannan bai dame ni ba. Sandar jak ɗin na fara shafawa da yatsa, ko mai na tsatsowa. Sannan na ce, "Maigida, a ɗora mashin mu gani." Muka ɗora Boxer, muka ɗaga har ƙarshe, muka koma benci muna hira. In sil, wato robar da ke hana mai zurarewa a cikin jak, ya mutu, za ka ga teburin yana sauka da kansa a hankali. Ko motsi bai yi ba. Na duba walda ta ƙasa, da ƙarfen kulle da ake zurawa bayan an ɗaga, domin shi ke riƙe nauyin in jak ya saki. A jikinsa an rubuta kilo 450, Boxer kuwa bai kai 150 ba.

Ciniki bai yi tsawo ba. Ɗauko shi ne aiki, sai da muka nemo kura da majiya ƙarfi.

Yanzu yana gareji, na lulluɓe sandar da tsumma saboda ƙurar hunturu. Maƙwabta har sun fara sallama, wai a taimaka a canja musu baƙin mai.