Haƙar burtsatse a kan dutsen da ruwa ya rarake

Kamfaninmu ƙarami ne. Injin haƙa ɗaya gare mu, sai motar ɗaukar fayif da yaran da muke yawo da su tsakanin Birnin Kebbi, Gwandu da Jega. A kewayen Birnin Kebbi aikin yana da sauƙi, domin yashin da ke ƙasa yana ba da ruwa mai yawa. Wahala tana farawa ne idan muka nausa gabas, wajen iyaka da jihar Sakkwato, inda bakin inji ke cin karo da dutsen farar ƙasa.

Irin dutsen nan ne ake fasawa a Kalambaina, kusa da Sakkwato, inda masana'antar siminti ta fara aiki tun 1967. Masana ƙasa sun ce teku ce ta kwanta a wannan yanki kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, ɓawon halittun cikinta ya taru ya daskare. Halinsa shi ne ruwa yana cin sa. Ruwan sama yana kwasar iskar kabon a sararin sama da cikin ƙasa, ya yi ɗan tsami, ya bi tsagar dutsen yana narkar da shi sannu a hankali har tsaga ta zama kogo. A ƙasashe masu tsaunuka abin a fili yake: a Guilin ta ƙasar Sin ruwa ya cinye dutsen ya bar tsirarun tsaunuka tsaye cirko-cirko, a ƙasar Sulobeniya ta Turai kuwa kogi kan nutse cikin ƙasa ya ɓullo can gaba. Namu marmara da yashi sun rufe shi, shi ya sa mai haƙa kaɗai ya san da zamansa.

Ga yadda muke gane mun faɗa kogo. Ana cikin haƙa sai ƙarfen ya zurma da kansa, ruwan lakar da muke turawa don fito da ƙasa ya ƙi dawowa sama. Ramin laka ya ƙafe kana kallo. Nan fa sai a kashe inji, a aika neman tankar ruwa, a kwaɓa sabuwar laka mai kauri da ɓuntun shinkafa don toshe ramukan. Alhamdu lillahi, ɓuntu dai ba ya yanke mana a Kebbi. In kogon babba ne, sai siminti.

Saboda haka ba na yanke kuɗi dunƙule a irin wannan wuri, kuma a nan ake samun saɓani da masu ba mu aiki. Wani zai ce, "Malam, maƙwabcina fa rabin wannan kuɗi ya biya." Nakan ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, a gwada ruwan nasa da damina tukuna." Yashi yana tace ruwa, amma kogon dutse ba ya tace komai, abin da ya fito daga masai ko kwatami yana iya isa rijiya cikin ɗan lokaci. Ga shi ruwan ba ya son sabulu, yana kuma barin farin ɓawo a gindin tukunya. Don haka muke wuce dutsen, mu sa fayif marar huda a tsawonsa, mu liƙe gefe da siminti, mu ɗebo ruwa daga yashin da ke ƙasa.

Aikin Zamfara daban ne. Wajen Gusau da Kwatarkwashi dutsen mai tauri ne, ba ya narkewa, sai guduma da kwamfuresa, wato injin matsa iska. Ba mu da su, don haka in aka kira mu can nakan tura mutum wurin masu irin wannan injin.