Auna hasken tauraro da ido tsirara a lokacin hazo

A watan Disambar 2019 aka fara yayata cewa Betaljus, jan tauraron nan da ke kafaɗar Jauza'u, rukunin taurari mai siffar mutum, yana dusashewa, wai har ya kusa fashewa. A lokacin ina koyarwa a wata sakandare a ƙauye, a ƙasar Birnin Kudu. Babu lantarki, balle na'urar hangen nesa. Idona kawai nake da shi, sai tocila da littafin rubutu irin na ɗalibai. Na ce bari in gwada ko mutum zai iya tabbatar da labarin da kansa.

Wanda ya fara yi mini gardama shi ne tsohon da ke gadin makarantar. Ya ce, "Malam, ai da hunturu duk taurari haka suke. Ƙura ce kawai." Gaskiya ya faɗa, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu akwai daren da ko Kaza da 'Ya'yanta da ƙyar ake ganinsu. Na ce masa, "Baba, to me ya sa ƙurar ta zaɓi wannan ɗaya ta ƙyale maƙwabtansa?" Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce lalle akwai magana.

Dabarar ke nan gaba ɗayanta. Ba a auna tauraro shi kaɗai, sai an jera shi da wasu waɗanda haskensu ba ya canzawa. Masana suna da ma'auni wanda ƙaramar lamba ke nufin haske mai yawa, kuma tazarar lamba 5 daidai take da ninki 100. Betaljus ya saba zama wajen 0.5. Dabaran, wanda shi ma ja ne, yana wajen 0.9. Belatiris, da ke ɗaya kafaɗar, yana 1.6. A da Betaljus ya fi Dabaran a fili. A ƙarshen Disamba ya koma ƙasa da shi. Zuwa farkon Fabrairun 2020, in na dubi kafaɗun biyu, ba na iya cewa wannan ya fi wancan. Wato kusan kashi biyu cikin uku na haskensa ya tafi. Hazo zai rage duka biyun tare, tunda suna kusa da juna, amma ba zai mayar da su daidai ba.

Mu a nan muna da wata riba da Turawa ba su da ita. Kano da Jigawa suna wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka Betaljus yana bi ta kusan tsakar kanmu. Tauraron da ke kusa da ƙasa haskensa yana ratsa ƙura mai kauri, na sama kuwa kaɗan yake ratsawa. Don haka na daina aunawa da zarar ya fito. A Disamba sai na jira wajen tsakar dare, a Fabrairu kuwa bayan sallar isha'i ya riga ya hau. Sauran ƙa'idojin ƙanana ne amma suna da tasiri. Ido yana buƙatar kamar minti 20 a duhu kafin ya buɗe, kuma kallon waya sau ɗaya ya rusa wannan. Na ɗaura jar leda a bakin tocila. Jan tauraro kuma in ka ƙura masa ido sai ya riƙa ƙara haske a idonka, saboda haka kallo ne na ɗan lokaci, ka kawar da kai, ka sake. Wadda ta fi wuya ita ce kada ka duba lambar jiya kafin ka rubuta ta yau, don zuciya tana son abin da ta riga ta sani.

Bai fashe ba. Zuwa Afrilu ya dawo da haskensa. Daga baya hotunan babbar na'urar hangen nesa ta Turai da ke ƙasar Chile suka nuna cewa tauraron ne ya fesar da iskar gas, ta huce ta zama ƙura, ta tare rabinsa na kudu. Da na gaya wa tsohon sai ya yi dariya, ya ce ashe dai ƙurar ce. Zai fashe wata rana, domin ƙaton tauraro ne da ya tsufa, wanda da za a ajiye shi a gurbin rana da ya haɗiye duniyarmu har da Mars. Amma masana suna maganar cikin shekaru 100,000 ne, kuma nisansa ya wuce tafiyar haske ta shekara 500, ba zai cuce mu ba.

Wanda ya riga ya fashe ma yana nan kusa, a ƙahon Saur, rukunin taurari mai siffar bijimi. A 1054 masu duba taurari na ƙasar Sin suka rubuta cewa wani baƙon tauraro ya bayyana, ana ganinsa da rana tsaka har kwana 23. Burbushinsa shi ne Gajimaren Ƙaguwa, nisan tafiyar haske ta shekara 6,500, kuma a tsakiyarsa akwai ragowar tauraron tana juyawa sau 30 a daƙiƙa ɗaya. Da na ari ƙaramar na'ura daga wani aboki a Dutse na neme shi, abin da na gani bai wuce tabon toka a baƙin allo ba. Duk mai tsammanin launukan hotunan intanet zai koma gida da takaici. Ni dai ya ishe ni.

Faya-fayan ƙura da ke kewaye taurari kuwa, ido ba ya ganinsu. Za ka iya nuna tauraron Bega ko Fomalhaut ka ce wannan yana da faifai, tunda tauraron ɗan'adam na IRAS ya gano zafin ƙurarsu a 1983, amma iyakarta ke nan. Sai dai akwai wata hanya ta daban. Tauraron Efsilon Awriga, kusa da Kafela, duk shekara 27 wani faifai mai duhu yana gittawa ta gabansa, sai haskensa ya sauka daga 3.0 zuwa 3.8 a ma'aunin na kusan shekara biyu. Na ƙarshe ya faru daga 2009 zuwa 2011, mai zuwa wajen 2036 ne, kuma irin kwatancen da na yi wa Betaljus ya isa a gan shi.

Wanda na fi sa wa ido tun 2024 shi ne T Korona Boriyalis. Taurari biyu ne, ƙaramin mai nauyi yana zuƙar gas daga babban, gas ɗin yana taruwa a faifai kafin ya zube a kansa, in ya yi yawa sai ya kama da wuta. Ya yi haka a 1866 da 1946, ya tashi daga 10 zuwa wajen 2 cikin ɗan lokaci, sannan ya ɓace wa ido cikin kamar mako guda. Rukunin taurarin da yake ciki, wato Korona Boriyalis, yana fitowa da yamma a bazara da damina, kuma a ganina babu sama mai tsabta irin ta bayan an ɗauke ruwa. Na koya wa ɗaliban ajin ƙarshe siffar rukunin, rabin zobe ne gabas da tauraron Arkturus, don duk wanda ya ga ƙarin tauraro a gefensa ya rubuta rana da lokaci. Ƙungiyar AAVSO ta Amurka tana tattara irin wannan awo daga masu sha'awa tun 1911, kuma tana karɓar na ido tsirara. Yanzu da aka kafa fitilun sola a bakin kasuwa, mun mayar da wurin kallonmu bayan makaranta, gefen gonar gero, inda katangar aji ke tare hasken.