Godiya bayan kare binciken histamin

Alhamdu lillahi, an kare binciken, kwamitin jarrabawa ya amince. Jiki duk ya yi laushi, amma hankali ya kwanta. Binciken a kan yadda histamin, wani sinadari da jiki ke samarwa, ke sa ƙwayoyin halitta su fitar da adirenalin ne.

Babban ma'aikacin ɗakin gwaji ba ya son a ambace shi, sai dai ya yi haƙuri. Ranar da ƙwayoyin kromafin, masu fitar da adirenalin daga glandar da ke saman ƙoda, suka daina amsa histamin, gaban kowa ya faɗi, an ɗauka sun mutu. Shi kuwa ya fasa tashi daga aiki, ya jawo kujera, ya ƙura wa layin da rinin fura-2, mai nuna yawan kalsiyam na cikin ƙwaya, ke zanawa ido, ya ce tazarar da ke tsakanin zubin histamin na farko da na biyu ce ta yi kaɗan.

Gaskiyarsa. Histamin na kama makarɓin H1 da ke jikin ƙwayar, shi kuma ya tada furotin Gq, sinadarin GDP da ke maƙale da Gq ya fita, GTP mai kunna shi ya shiga. Gq ya kunna enzayim fosfolifes C, ta raba PIP2, wani kitse na fatar ƙwaya, gida biyu, IP3 da DAG. IP3 ke buɗe rumbun kalsiyam na cikin ƙwaya, shi ne tsinin farko da ke bayyana a layin idan an haska rinin da haske na nanomita 340 da 380. Daga nan kalsiyam na waje ya shigo ya riƙe matakin, kuma galibin adirenalin da taimakonsa yake fita. In aka sake zuba histamin da wuri, rumbun bai cika ba, enzayim GRK ya riga ya liƙa wa makarɓin fosfet, furotin arestin ya rufe shi ya ja shi ciki. Dole a wanke, a jira. Da aka yi haka amsa ta dawo. Mepyramine, maganin da ke toshe H1, ya toshe ta, cimetidine, mai toshe ɗaya makarɓin histamin wato H2, bai taɓa ta ba, domin H2 hanyar Gs da cAMP yake bi.

Malam babban ma'aikaci, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa, ya raya zuri'a. Farfesa mai duba aikin da abokan karatu da suka kwana ana wankin ƙwayoyi, Allah ya biya muku bukatunku na alheri. Inna da ba ta gajiya da addu'a, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yan uwan da aka sanar wa tun da wuri ba mu ga ƙeyarsu ba, ko waya babu, mun yi musu uzuri. Allah ya bar zumunci, amin.